Baba Sai-ya-zauna da Idon Sawun Tela

Kafin mai gadi ya gama naɗe tabarmarsa, Baba ya iso. Kullum haka yake. Zai jingine kekensa a jikin bangon masana'antar, su gaisa da mai gadi har ya tambaye shi ciwon gwiwa, sannan ya shiga ɗakin injuna ya buɗe tagogi. Ba ya kunna komai sai ya zagaya da tsumma a hannu, ya goge nan, ya ɗiga mai can, ya share ɓarɓashin ƙarfen jiya. In ya tayar da tsohon injinsa na sassaƙar ƙarfe, sai ya karkata kai ya saurari kukansa kamar mai sauraron numfashin jariri. Daga nan ya sa tabarau, ya zauna gaban kwamfuta, ya fara danna ta da yatsa ɗaya.

Ƙaramar masana'anta ce, kayan gyaran injin niƙa da na famfon ban-ruwa ake ƙerawa a cikinta, kuma Baba ya haura shekara talatin yana wannan aiki. Sunansa na yanka ya ɓace tuni. Duk abin da ya sassaƙa, in abokan aiki suka ce, "Baba, ai ya yi haka nan," sai ya juya shi a hannu ya ce, "Bai zauna ba. Sai ya zauna." Da haka sunan ya bi shi har gida. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don ido ya fara gajiya, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu tun yana ji da kunnensa.

Shekarun baya kaɗan manaja ya kawo sababbin injuna biyu, ya kuma ɗauki wata matashiyar injiniya da za ta kula da su. Ɗaya yana yanka ƙarfe da kansa, yana bin zanen da aka yi masa a kwamfuta. Ɗayan kuwa zaren roba yake narkarwa, yana ɗora shi hawa-hawa kamar mai ginin tukunya, har abin da aka zana ya tashi tsaye. Ranar gwaji Baba ya tsaya a baya, hannu a aljihu. Abin da yake kai shi azahar yana sassaƙawa, injin ya fitar da shi kafin shayin manaja ya huce. Kowa ya tafa. Shi ma ya tafa.

Da ya koma gida ya ture kwanon abinci gefe. Mai ɗakinsa ta dube shi.

"Baban yara, lafiya?"

"An kawo injin da ba ya buƙatata."

"Shi ya faɗa maka da bakinsa?"

"Ke fa kin fiye wasa. Yarinya ce ke sarrafa shi, sa'ar autarmu."

"To autar taka ba ita ta koya maka waya ba? Wani abu ya ragu a jikinka? Ci abincinka, gobe ka je ka ce ta nuna maka."

Washegari ya jawo kujera ya ajiye kusa da ta injiniyar. Ya ce, "'Yata, kin yi ɗalibi. Kansa da tauri, amma ba ya fashi." Ta yi dariya har ta rufe baki, ta matsa masa wuri.

Ba a sha da daɗi ba. Linzamin kwamfuta yake riƙewa kamar guduma. Akwai ranar da ya goge mata zanen da ta wuni tana yi, ya miƙe tsaye yana salati, ita kuwa ta danna wani wuri zanen ya dawo, ya zauna yana cewa, "Da ƙarfe ma haka yake yafiya, da na huta." Samarin walda suna leƙowa suna yi masa tsiya, suna tambayar ko an ba shi aikin gida. Bai fasa ba. Ita tana nuna masa yadda ake zana abu a juya shi ta kowace fuska kafin a taɓa ƙarfe, shi yana sa ta ta saurari kukan wuƙar injin ta gane in ta dakushe. A hankali suka zama kamar hannu biyu na mutum ɗaya.

Ana cikin haka wata tela ta shigo masana'antar a kan sanduna. Maman 'yan biyu ake ce mata, shagonta yana bayan layin su Baba. Mota ce ta take mata ƙafar dama, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Asibiti sun ba ta ƙafar roba, tana iya tsayawa da ita, amma idon sawun a sandare yake, ba ya lanƙwasa. Ta gwada taka keken ɗinki da ƙafar hagu kaɗai, kafin ta gama hannun riga ƙugunta ya riƙe. Masu kawo ɗinki suka fara janyewa, ga yara biyu a makaranta, ga mijinta ya rasu tun suna goye.

Baba ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya ce, "Ai da sauƙi. Mu ɗaura wa keken naki injin lantarki, ki huta da taka shi."

Ta girgiza kai. "Baba, in an ɗauke wuta fa? Kuma ni ba keken ne ya yi hatsari ba. Ƙafata nake so ta yi aiki."

Maganar ta zauna masa a rai. Ya kalli injiniyar, ita ma shi take kallo. Suka je wurin manaja, ya ce in dai ba za a tsayar da aikin mutane ba, su yi bayan an tashi da yamma. Suka je wurin likitan da ke duba telar, ya ce zai yarda da sharaɗi ɗaya: duk abin da suka ƙera sai ya gani kafin ta taka.

Injiniyar ta zana mahaɗin idon sawu mai lanƙwasa, da sifirin a ciki wanda zai dawo da tafin ƙafar wurinsa. Injin roba ya gina gidan mahaɗin, Baba ya sassaƙa ƙaramin sandan ƙarfen da zai juya a kai, ya sa masa boris don ya riƙa juyawa sumul. Likita ya duba ya ce a gwada. Ranar da telar ta ɗora ƙafar a kan feda, keken ya ɗauka, allura ta fara gudu a kan yadi, sai ta tsaya ta kifa kai a kan teburin keken tana kuka. Babu wanda ya ce mata ta yi shiru.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, 'yan biyun suka zo da labarin cewa mamarsu ta faɗi. Ta ɗauko bokitin ruwa tana sauka daga dakalin ƙofar gida, mahaɗin ya tsage, ta zube a kan hannunta. Baba ya bar injinsa yana juyawa ya fita, sai wani ne ya kashe masa. Ya same ta zaune a tsakar gida, hannu a kumbure, an naɗe shi. Ya durƙusa ya ɗauki gutsattsarin robar yana juyawa.

Ita ce ta fara magana. "Baba, kada ka ce za ka daina."

"'Yar nan, da kanki kika buga fa? Da yaran nan wa zan ce musu?"

"Ai ban buga ba. Na ɗanɗana tafiya, ba zan koma kan sanduna ba. Ku je ku gyara."

Ya dawo masana'anta, ya tarar da injiniyar ta yi kuka ta share. Ya ce mata, "Mu biyu muka ƙera, mu biyu za mu gano." Ta sa kwamfuta ta ɗora wa zanen nauyin mutum da na bokiti, ta karkata shi kamar mai sauka daga tudu, sai wani lungu ya yi jawur a kan allon, daidai inda robar ta tsage. Tafiya da taka keke suka lissafa, ba su lissafa mace mai ɗaukar kaya a gidanta ba. Ta sake fasalin lungun, ta sauya yadda injin zai shimfiɗa robar, suka yanke shawarar a yi wa mahaɗin ƙashi na alminiyam a ciki. Wannan ƙashin Baba ne ya zana shi a kwamfuta da yatsansa ɗaya, ya tura wa injin da ya taɓa jin tsoro, ya tsaya a kansa har ya gama yanka.

Bai yarda a kai wa likita ba sai da ya gwada. Ya ɗaure mahaɗin a jikin wani ƙarfe, ya haɗa shi da injin da zai riƙa danna shi yana saki, da buhun yashi a sama, aka bar shi yana ta yi kwana da kwanaki. Samarin walda suka ce ƙarar ta hana su jin rediyo. Ya ce su yi haƙuri, ƙafar mutum ce.

Yau in ka bi ta bayan layin za ka ji keken maman 'yan biyu tun daga nesa. Likitan ya turo wani direba mai irin matsalarta, daga baya ya turo wata malamar makaranta, kuma manaja ya ware musu kusurwa guda a ɗakin injuna don irin wannan aiki.

Baba, kai ne ka zauna gaban sa'ar 'yarka da furfurarka ka ce a koya maka, ana dariya ba ka tashi ba. Kai ne ka durƙusa a tsakar gidan mutane kana tsintar abin da ya karye a hannunka, ba ka ɗora wa injin laifi ba, ba ka ɗora wa yarinya ba. Gwanin ƙarfe mai taushin zuciya, ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, amma akwai masu tafiya a kan aikinka suna zuwa nema wa 'ya'yansu abinci.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka wa mai ɗakinka da ta ƙi bari ka karaya. Ku kuma dattawan sana'a da sabon inji ya shigo muku wurin aiki, kada ku tsaya a baya kuna haɗiyar baƙin ciki, ku matso ku tambaya. Matasa masu ilimin zamani, in tsoho ya matso, ku ba shi wuri, akwai abin da kunnensa ya sani da za ku buƙata.

An tambaye shi abin da zai yi in ya ajiye aiki. Ya ce zai huta, sai dai akwai wata yarinya da likita ya ce tana girma, ƙafarta za ta buƙaci sabon mahaɗi kafin baɗi, don haka zai riƙa leƙowa. Mai ɗakinsa ta ce ita dama ba ta sa rai za ta gan shi a gida da safe ba.