Maikano Ba Ya Cin Abokan Tafiya

A garin Wudil, inda shanu ke cika kasuwar kara kowace Juma'a, kifi kuma ke fitowa daga kogi yana wutsil-wutsil, a nan Allah ya ajiye Maikano, mutumin da ya shekara talatin bai sa nama a baki ba.

Ɗan koren shanu ne tun yana saurayi. Da ƙafa yake kai garke Kudu, yana yi musu hira a hanya. Ran da ya ga an kayar da wani farin bijimi da suka sha ruwa a rafi ɗaya, sai ya dawo gida ya ture akushi.

"Ba haramun ba ne," in ji shi. "Ni dai ba na cin abokan tafiya." Kifi kuwa, wai kallonsa yake yi.

Matarsa Barakatu ba ta yi gardama ba. Mai ƙuli-ƙuli ce. In ta matse tunkuza, man farko na maigida ne. Da shi da dakakkiyar gyaɗa a miya, Maikano ya yi ta sheƙi kamar sabuwar ƙwarya.

Sai kuɗin fetur suka cika ƙasa. Manyan motoci suka karɓe masa aiki, shanu suna wucewa ta kan gada a tsaye cikin motocin, suna leƙensa. A daminar nan kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, ta tsugune a gona ba 'ya'ya. Man gwangwani da ake ta labarinsa, an ce yana cikin jirgi a bakin teku, yana bin layi bayan siminti. Manja kuwa cikin Maikano ba ya karɓa. Kaskon Barakatu ya huce.

Wata huɗu yana cin tuwo da miyar kuka ba maiƙo. Fatarsa ta yi furu-furu, ƙaurinsa ya tsattsage kamar gaɓar kogi da rani. Da hantsi sai ya zauna gindin tsamiya yana gyangyaɗi, yana ganin farin bijimin nan yana tafe a kan ruwa, tozonsa na rangaji.

Malamin asibiti ya dudduba shi ya ce, "Baba, jikinka maiƙo yake nema, irin wanda sai an ci ake samu. In babu gyaɗa, ran Juma'a ka nemi kifi ko tsoka."

Maikano ya dawo gida ya yi tagumi.

"Malam, ko romo kawai?" in ji Barakatu. "Ba sai kun haɗa ido ba."

"Ke dai, Barakatu. Romon wa?"

"To sai ka ƙarasa bushewa, mu daka ka da kuɓewa."

Da dariya ta faɗa, amma washegari ta yafa mayafi sai Utai, gidan ƙaninta Auta. Ta tuna tsohuwarsu ba ta barin iyakar gona haka nan, sai ta bi ta da riɗi, don a san inda gonar maƙwabci ta fara. Auta ya riƙe al'adar. Ya ma yanka, ya jingine dammunan a jikin rumbu, ya manta da su, don hankalinsa na kan aikin gini a Kano.

"Yaya, wannan itacen wutar kika zo nema?"

Ta shimfiɗa zane, ta kifa dami ɗaya ta kaɗa. Riɗi ya zubo shaa, kamar yayyafi a kan rufin kwano.

Ran Juma'a Maikano ya ɗauki sandarsa zai nufi masu kifi, yana jan ƙafa kamar wanda aka kira gaban alƙali. A zaure ƙamshi ya tsayar da shi. Barakatu ta wanke riɗin, ta soya, ta daka, ga mai yana tsattsafowa tsakanin yatsunta. Ya jingine sanda ya komo.

Ya kai loma baki, sai ya dakata.

"Wannan dai ba shi da ido ko?"

"Na duba su, Malam. Ɗaya bayan ɗaya."

Kafin ruwan farko ƙaurinsa ya koma sheƙi. Da la'asar yakan tsaya bakin gada, in motar shanu ta zo wucewa ya ɗaga musu hannu, ba kunyar kowa a idonsa.