Fiffiken Motar Suruki

Guduma ake ce masa a layin masu gyaran mota, har matarsa kan yi suɓul da baka ta kira shi haka. Tun yana saurayi yake buga jikin mota. Komai lotsewar ƙofa, in ya bi ta da 'yar gudumarsa sai ta miƙe kamar ba ta taɓa cin karo ba. Da hannun nan ya gina gida ya rene 'ya'yansa. Sai dai akwai shi da girman kai a kan sana'a.

Wata safiya mijin autarsa ya shigo gareji da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin mai shafar ƙasa. Ya gogi ƙofar gida da ita garin yin baya, ƙafar fiffiken da ke kan but ta tsage daidai wurin noti.

"Baba, faiba ce fa, ba ƙarfe ba," in ji surukin yana sunkuyar da kai. "In ba layinku ba ne sai a kai wani wuri."

Maƙwabta na ji. Guduma ya ce, "Ba mota ba ce? Ajiye makulli."

Da ya leƙa tsagar sai ya ga wasu fararen zare cirko-cirko, babu wurin dukan guduma. Yana da ƙane mai liƙe tankunan ruwa na faiba, amma shekara da shekaru yana tsokanarsa da "mai liƙin bokiti". Ina zai iya kiransa? Ya kwaɓa fila, irin ta cike lotsar ƙarfe, ya cike tsagar, ya goge da samfefa, ya fesa fenti. Aiki ya fito tas.

Sati bai zagayo ba autar ta bugo wa uwarta waya tana kuka. Suna kan babban titi fiffiken ya fizge, ya daki gilashin motar da ke binsu, mai motar ya gangara gefen hanya da iyalinsa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

Washegari surukin ya kawo motar gareji, ya fito da fiffiken a hammata. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Ina ga ni ne na cika gudu, Baba."

Da zaginsa ya yi da ya fi wa Guduma sauƙi. Ga busasshiyar fila tana zuba daga karayar kamar garin alli, kowa na gani.

Da yamma ya nannaɗe fiffiken a buhu ya nufi wurin ƙanensa.

"Yaya da kansa? Bokitin gida ne ya fashe?" Da ƙanen ya ga fuskarsa sai ya bar wasan, ya jawo masa benci.

Suka kankare filar kaf. Ƙanen ya nuna masa yadda ake fafe bakin tsagar, a shimfiɗa ƙyallen faiba ta ciki, a jiƙa shi da gam, a danne kumfar iska, a ƙara wani a kai. Guduma ya yanko farantin ƙarfe suka binne a tsakiya don noti ya sami abin kamawa. Hannayensa suka yi ta ƙaiƙayi, bai ko sosa ba. Gilashin mutumin nan ma shi ya je ya sa masa sabo.

Da suka ɗaura fiffiken a motar, ya zauna daram. Amma Guduma bai kai motar da kansa ba, ƙanen ya ba makulli ya mayar wa surukin.

Har yau in ya jiyo rurin motar a bakin layi, sai ya zura takalmi ya ce ana jiransa a gareji.

"Yaron nan fa ya manta tuni," in ji matarsa.

"'Yata na cikin motar ranar nan," ya ce, ya fita ta ƙofar baya.