Hannun da ke Jikin Bangon Lokotoro

Ko ƙasa ta rufe idona, ina jin ranar da na shiga ɗakin lokotoro, wato likitan Nasara, a Zinder za ta bi ni. Lokacin Faransawa ba su daɗe da zama a Damagaram ba, sun kwashi samarinmu na Gouna zuwa yaƙinsu, har da maigidana. Abokan tafiyarsa suka dawo, shi bai dawo ba. Abin da ya fi cin raina shi ne fuskarsa ta fara ɓace mini. A zamaninmu amarya ba ta kallon miji ido cikin ido. Kai a sunkuye nake ajiye masa tuwo, hannunsa kawai nake gani.

Ciwon ido ya kai ni wurin lokotoron. Ina shiga na ga hoton mutum a bango, ba fata, jijiyoyi duk a waje. Na yi salati na nufi ƙofa, a zatona Nasaran nan feɗe mutane yake yi. Mai fassara ya sha dariya.

"Dawo, baiwar Allah, zane ne! Da shi suke koyon yadda Allah ya haɗa jiki."

Na dawo ina harare-harare. Sai idona ya faɗa kan wani ƙaramin zane, hannun dama shi kaɗai, ƙaramin yatsa a karkace. Jaki ne ya taka yatsan nan, maɗorin garinmu ya ɗaure shi da kara, ya warke a haka. Sau nawa na yi wa mai hannun tsiya a kansa!

"Hannun maigidana ne," na ce.

Lokotoro ya yi magana, mai fassara ya juyo. "Ya ce ranar ɗibar soji ya zana shi, ɗorin ne ya ba shi sha'awa."

"To fuskar fa?"

"Ya ce fuska ba ta cikin karatunsa."

Lokotoro ya miƙo mini takardar in tafi da ita. Na kasa karɓa, domin surukina malami ne, hoto ba ya kwana a gidansa. Na dai ɗora tafina a kai har mai bi mini a layi ya gaji da jira.

Yau na tsufa, yatsan nan na nan a idona, fuskar kuwa ta tafi. Shi ya sa nake gaya wa jikokina mata: kunya ado ce, amma ku ɗaga kai ku dubi naku da kyau tun yana zaune gabanku.