Ruwan da Na Wanke da Alam

Wahala kam na sha ta a daminar nan, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da ita ba. Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ce. Ana ta murna, wai famfo zai dawo Gyaɗi-Gyaɗi. Mu dai namu ko tari bai yi ba. Rijiyar tsakar gidana ce ke shayar da mu, har da gidajen layinmu.

Aka kwana uku ana ruwan sama, shaddar banɗakin maƙwabcina ta cika ta tumbatsa. Katanga ce kawai tsakaninta da rijiyar. Da safe matata ta jefa guga, ruwa ya fito jajir yana ƙarni. Duba-gari ya zo ya zuba kulorin, ya ce zai dawo ya ƙara. Tsohuwata ta kurɓa ta tofar. “Wannan warin asibitin zan sha? Ko alwala ba na yi da shi.” Ni ma shayina ya ƙi shawuwa. Da duba-garin ya dawo, daga zaure na sallame shi. Ni birkila ne, gani nake ba mai kakin da zai koya mini rami.

Na yi yadda na ga iyayenmu suna yi. Na yashe rijiyar har laka, ta sake kawo ruwa. Na sayo alam a kasuwar Tarauni, na daka shi da 'ya'yan zogale, na barbaɗa a randa da duro. Kafin azahar datti ya kwanta, ruwa ya yi garau, kana hango gindin randa. Har maƙwabta na kira su zo su gani.

Cikinsu akwai wata ma'aikaciyar asibiti 'yar Kudancin Kaduna da ke haya a gidan da ke kallonmu, Sista muke ce mata. Ta ɗaga kofin ta duba, ta ajiye ba ta sha ba.

“Malam, a ido ya yi kyau. Amma alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe abin da ke kashe mutum. In ba ka son kulorin, to a tace a tafasa, ya yi ta ɓararraka. In itace ya gagara, ku ɗura a farar gorar roba, ku ɗora kan kwanon rufi rana ta doke shi wuni guda.”

Na yi dariya. “Sista, yau kuma ruwa ake shanyawa kamar kuɓewa? Kakannina da alam suka sha har suka tsufa.”

“Kakanninka ba su da shadda a gindin rijiya,” in ji ta.

A gabanta na shanye kofi biyu, mutane suka yi shewa. Bayan an watse matata ta ce ko na yara kaɗai ne bari ta riƙa tafasawa. Na ce kananzir ya yi wuya, itace a jiƙe yake, kuma tun yaushe ta fi ni sanin ruwa? Ta haƙura da tafasawar. Ina ma ta yi mini rashin kunya ran nan.

Kwana huɗu tsakani, ina aiki a Unguwa Uku aka aiko in zo. Autarmu ce, 'yar shekara huɗu, amai da gudawa tun hantsi. Na tarar idonta ya faɗa, Sista na riƙe da ita tana ɗura mata ruwan gishiri da sukari da ta haɗo daga gidanta. Ba ta ce mini “na gaya maka” ba. Cewa ta yi, “Malam, ɗauke ta mu tafi.” A asibiti aka yi ta neman jijiya don ƙarin ruwa, hannu, ƙafa, har ka. Yarinyar ba ta da ƙarfin kuka, sai dai ta ce, “Baba, ruwa.” Kashegari da hantsi ta cika.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwananta ne ya ƙare. Haka ne, ban ja da ikon Allah ba. Amma na san wanda ya cika mata kofi. Ina zaune a tabarmar makoki sai ga matar maƙwabcina ta fito daga gidana da bokiti a ka, ta ɗebo daga duron nan za ta kai wa 'ya'yanta. Na miƙe na sauke shi daga kanta na kifar. Jama'a suka ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa ni.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ido ba ya gane ruwan da zai yi kisa. Kuma na ƙi gaskiya ne ba don komai ba sai don mace ce ta faɗa mini a gaban mutane.

Da gari ya waye na ɗauko katako da ƙusa na rufe bakin rijiyar. Sannan na bi layinmu gida-gida ina sallama. Duk wanda ya fito sai in ce masa, “Ni na ce muku ruwan nan ya gyaru. Bai gyaru ba. Wanda ke randarku ku zubar, wanda za ku sha ku tafasa.”