Rumawa Ba Su San Gyara Ba

Har gobe ban manta ranar da wani tsoho ya ƙi karɓar hatsinshi a hannuna ba. Shekarun babban fari ne, ina mai awo a magazan Filinge, siton hatsin agaji, ƙarƙashin magazinye, wato shugaban sito. Ana kiran mai gida, in auna rabonshi, ya ɗauka. Wanda ya yi gardama, sai shi jira wata motar hatsi ta zo, kuma ba wanda ya san ranar zuwanta.

Sikelinmu shi aka kira romen: sandar ƙarfe a rataye, ƙugiya a gefe guda, a ɗayan gefen ɗan dunƙulen ƙarfe da aka turawa har sandar ta daidaita. Ni da bakina bai zama, na taɓa tambayar asalin sunan. Magazinye ya ce Rumawa, wasu Turawan dauri, sunka ƙirƙiro shi.

Tsohon, Baba Arzika, daga wajen Tabla ya tako da matatai, jikoki na gida ba abin dakawa. Na rataya buhu, na tura ƙarfe, na ce shi ɗauka. Ya ƙi.

"Ɗana, kai dai ji tsoron Allah. Ƙarhe awa ƙwan zabo shi ad daidai da buhu? A kawo tiya."

Tiya ita ce kwanon awon kasuwa, mu kuwa an hana mu ita. Magazinye ya ce in kira na gaba. Wallahi raina ya ɓaci, don ni kaina na iya aiki da abin, amma ban san yadda zan hwaɗi dalilinshi ba.

Sai matar, Inna Haɗi, ta zagaya sikelin tana leƙe, ta kwashe da dariya.

"Malam, wanga ai tagala ce!"

Tagala sandar nan ce da mata ka ɗauko ruwa da ita a kahwaɗa, ƙwarya gaba, ƙwarya baya. Ta ce in ɗaya ta hi nauyi, kahwaɗa aka gusawa wajenta, sai su daidaita. Kai! Nan take na gane abin da na daɗe ina turawa.

Na ce ma tsoho dabarar Rumawan dauri ce. Ya yarda, amma bai ɗaga buhun ba.

"To, Rumawan ga ba su san gyara ba?"

Magazinye ya kau da kai. Na cika tafina biyu na zuba mai.

Ku yara masu sikelin lantarki, ku riƙe wanga: sikeli nauyi kaɗai ya sani. Mai yunwa bai yarda an auna mai da gaskiya sai ya ga hannun mutum a cikin buhun.