Ranar da Kunama Ya Cika Alkawari

Sana'arsa gyaran agogo, amma ba mai kiransa da ita. Kunama ake ce masa, kuma a bayan shagonsa ya samo sunan, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya inda ya ajiye tebur da faffaɗan katako mai zanen taswira. Wasan cin ƙasashe suke yi duk ranar hutu. Kowa da ƙasarsa da 'yan katakai a madadin sojoji da jiragen ruwa, babu ruwan sa'a a ciki, baki ne jari. Kafin kowane zagaye sai a ware bibbiyu, waɗannan a bakin ƙofa, waɗancan a gindin famfo, a yi ta ƙus-ƙus ana ƙulla amana. Daga nan kowa ya rubuta inda zai tura sojojinsa, a buɗe takardu lokaci ɗaya. Soja ba ya ture soja sai wani ya mara masa baya. A ƙarshe ko dai waɗanda suka rage su raba nasara, ko wani ya haɗiye fiye da rabin garuruwa ya cinye shi kaɗai.

Shi kuwa bai taɓa yarda da rabo ba. Zai yi tafiya da kai tun farko, ya tsare maka baya, ya ba ka shawara kamar ɗan'uwa, sai an zo dab da ƙarshe ka waiwaya ka tarar ya kwashe maka gida. Idan ka yi fushi ya gyara tabarau ya ce, "Haba, wasa ne fa." Gaskiya ne, wasa ne, amma mutum ba ya son a mayar da shi sakarai kowane mako. Cikin abokan wasan, tela ne ya fara janye jiki. Malamin makaranta ya ce ido ya yi rauni, alhali har yau yana karanta jarida ba gilashi. Da matar Kunama ta rasu, 'ya'ya suka watse wuraren aiki, sai ya zama wannan ɗakin ne kaɗai inda ake kiransa a yi masa magana, kuma kujerun sai raguwa suke yi. Aka wayi gari saura su uku: shi, da mai kemis, da tsohon direba, yayan marigayiyar.

Direban nan ya sha harbi ya fi kowa, bai taɓa fasa zuwa ba. Zai zagi Kunama tas, ya sha shayinsa, mako na zagayowa ga shi da sandarsa. Sai ƙafafu suka ƙi, 'yarsa ta ce za ta ɗauke shi ya koma wurinta, can nesa. Suka haɗu don wasan bankwana.

Da la'asar wasa ya zo gangara. Mai kemis ya bunƙasa, gari ɗaya ya rage masa ya cinye, kuma garin nan yana hannun direba, sojansa ɗaya tilo na tsaye a kai. Idan jirgin Kunama ya mara wa sojan baya, mai kemis ba shi da hanya, dole a raba nasara uku. Amma a bayan direba akwai tasharsa ta jiragen ruwa ba mai gadi, kuma jirgin Kunama na maƙwabtaka da ita. A da, da tuni ya lashe ta. Yau kuwa abu ɗaya yake so a ransa, ya tashi daga teburin nan yana da rabo da mutumin nan ko sau ɗaya.

Shi da direba suka fita gindin famfo.

"Yaya, kada ka motsa. Ka tsaya inda kake, zan mara maka baya."

Direba ya jingina da sanda yana dariya. "Kai ɗin?"

"Wallahi da gaske nake, Yaya."

"Bara ma haka ka ce, har da wallahin."

Suka koma ciki, kowa ya rubuta.

Aka buɗe. Jirgin Kunama ya mara wa sojan baya kamar yadda ya faɗa, amma sojan ba ya nan, direba ya janye shi ya koma gadin tasha. Mai kemis ya shige garin ba ko gardama, ya miƙe yana tafi.

Direba ya ɗauki takardar Kunama ya daɗe yana kallonta. "Ashe da gaske kake, ƙanina."

"Na gaya maka, Yaya."

"Ka gaya min," in ji shi a hankali, ya ajiye ta. Motar 'yarsa ta yi hon a waje.

Mai kemis bai sake zuwa ba, don wasan ba ya yiwuwa da mutum biyu. Kunama na nan a shagonsa, agogai na bugawa a kansa, kuma kaɗaici ya kama shi sosai, ba ya ɓoyewa. Bai kwashe katakon ba. Duk ranar hutu yakan shiga ɗakin da tsumma ya share ƙura, ya ɗaga jirgin ya goge ƙarƙashinsa, ya mayar da shi inda yake.