Injin da Maigidana Ya Kwaso Daga Bakin Teku

Ni ce na fara ganinsa, kuma har yau ina jin haushin bakina da ya yi magana. Mun tashi daga Greensboro da mutanen cocinmu, muka je hutun ƙarshen mako a bakin teku, bayan wata guguwa da ta wuce. Da safe muna tafiya a kan yashi, sai na hango wani dunƙulallen ƙarfe ja wur da tsatsa, rabinsa a binne, ƙananan katantanwa sun manne masa ko'ina. Na ce wa maigidana ya duba. Shi ke nan na rasa miji. Ya durƙusa yana tona yashi da hannu, ya ce inji ne, kuma ba ƙaramin inji ba.

Maigidana akanta ne, aikinsa lissafin kuɗi. Ko man mota ba ya iya canzawa, gareji yake kai wa. Amma ranar nan ya rantse cewa injin jirgin yaƙi ne da ya faɗa teku tun zamanin kakanni. Mai gidan da muka kama haya ya ce abin a bakin filinsa yake, ya gaji da ganinsa, duk mai so ya ɗauka. Na ɗauka maganar ta tsaya nan.

Mako na zagayowa, ina wurin aiki a gidan kula da tsofaffi, ashe maigidana ya aro 'yar tirelar da ake ɗaura wa mota, ya kwashi maza daga coci, sun koma ɗauko injin. Gidanmu a Pleasant Garden yake, kusa da Greensboro, filin baya yana da faɗi, inda za a ajiye abu ba ya ƙarewa. Amma da suka iso a gajiye, sai suka ja tirelar da baya har inda ƙasa ta fi laushi, suka mirgino shi. Inda ƙasa ta fi laushi kuwa lambuna ne. Ta yi laushi ne saboda ni na sha wahalarta.

Yakuwa ce a wurin. Irin daga wata tsohuwa 'yar garinmu na same shi, wadda ta riƙe ni kamar 'yarta tun zuwana ƙasar nan, ta ba ni shi a ƙulle cikin leda kafin ta rasu. Jar ƙasar nan tauri gare ta kamar bulo. Shekara da shekaru ina zuba mata taki, ina tashi ban ruwa kafin in tafi aiki, sai a bana yakuwar ta kai ƙuguna. Da ita nake yin gwate idan kewar gida ta taso mini.

Na dawo da yamma na tarar da tayoyi sun bi ta kan kunya biyu, injin ya danne ta uku, wari kamar ruɓaɓɓen kifi. Maza suna tsaye kewaye da shi suna shan lemo.

Na ce, "Baban yara, me ke nan a kan yakuwata?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, kamar yanzu ya fara ganin akwai shuka a wurin. Ya ce, "Yi haƙuri, ai ganye ne, zai sake fitowa."

Saboda baƙi na haɗiye abin da ke bakina. Na shige ɗaki, ko takalmi ban cire ba.

Bai sake fitowa ba. Maigida ya dinga wanke injin da tiyo, ruwan gishiri da tsatsa da wani baƙin mai suna gangarawa cikin sauran kunyoyin. Ganyen ya yi rawaya, ya zube. Na ce a janye shi, ya ce sai an gane ko mene ne, kada a lalata tarihi. Kowace Lahadi bayan sujada sai gidana ya cika. Wani dattijo ya ce injin jirgin kamun kifi ne. Wani malamin jami'a ya ce na jirgin sama ne, ya ga irinsa a hoto. Su yi ta musu, ni kuma ana leƙo kicin ana tambaya ko akwai sauran shinkafa. A cikinsu duka babu wanda ya taɓa tambayar me ya kashe shukar da suke takawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ganin irin haƙurin da mutumin nan yake da shi. Sai ya zauna tun safe da buroshin ƙarfe, yana kankare tsatsa a hankali kamar mai wanke jariri. Ban taɓa sanin yana da wannan natsuwar ba. Famfon kicin ɗina yana ɗiga tun bara.

Daga ƙarshe ya kankaro wasu lambobi a gefen ƙarfen. Ya ɗauki hoto, ya saka a wani zauren masu sha'awar tsoffin injuna a intanet. Kafin la'asar amsoshi sun zo, duk bakinsu ɗaya. Injin tsohuwar motar ɗaukar kaya ne, irin wadda ta cika ƙasar nan a da. Masunta sukan cire irinsa idan ya mutu, su ɗaura masa sarƙa, su jefa cikin ruwa don su riƙa ɗaure kwalekwale. Wata ƙugiya a jikinsa da maigida yake nuna wa kowa a matsayin shaidar na jirgin yaƙi ne, ashe mazaunin sarƙar ce.

Ya karanta mini da muryar wanda aka yi wa rasuwa, yana jiran in tausaya masa. Na ce masa ban damu ba ko da na jirgin shugaban ƙasa ne. Na tambaye shi ko ya tuna wa ya ba ni irin yakuwar. Bai tuna ba, sai da na faɗa masa sunan tsohuwar nan. Ranar na faɗi duk abin da na haɗiye tun daga ranar tirela, ban rage murya ba, yara suna ji daga sama.

Washegari ya kira mai sayen tsoffin ƙarafa daga wajen titin Gate City Boulevard. Ya kuma sayo buhunan taki ya jera a bakin ƙofa. Mai sayen ƙarafan ya zo da motarsa mai ƙugiya, ya ɗaga injin, ya bar rami baƙi ƙirin. Yana ɗaure shi ya tambayi inda aka samo wannan abu. Sai na ga fuskar maigidana ta washe, ya gyara tsayuwa, ya fara ba shi labari tun daga guguwa. Na shige gida na rufo ƙofa da ƙarfi.